Yadda ake gane nau'in okid daga kara da ganye bayan fure ya zube

A shagunan sayar da furanni na birnin Madina, kamar na sauran manyan biranen Saudiyya, akwai wata ƴar tukunya da kan ɗauki idon mai wucewa. A ƙasanta ganyaye huɗu ne ko biyar masu kauri, sannan wani siririn sanda ya miƙe sama ya ranƙwafa, furanni farare ko masu ruwan hoda sun jeru a jikinsa. Akan saye ta a kai wa amarya, ko mai jego, ko wanda ke kwance a asibiti. Wannan shi ne okid, kuma furensa kan kai wata biyu zuwa uku bai yi yaushi ba.

Matsalar tana farawa ne ranar da fure na ƙarshe ya faɗi. Wasu sai su ɗauka tsiron ya mutu, su jefar da shi. Wasu kuma tausayi ya sa su riƙa ɗura masa ruwa safe da yamma, su sauya masa ƙasa mai taki, har saiwoyinsa su ruɓe. Ga mazaunin unguwa irin Al-Sih, kusa da Dutsen Sal'u da Masallatai Bakwai, inda zafin bazara ke haura digiri 40 kuma na'urar sanyaya ɗaki ke busar da iskar cikin gida, kuskure kaɗan ya isa ya kashe tsiron da zai iya rayuwa shekara goma ko fiye. Haka abin yake ga mai irin wannan tukunya a Abuja, ko Yamai, ko Landan.

Takardar sunan da ke maƙale a tukunya ta kan ɓace tun a makon farko, fure kuma ɗan lokaci ne. Abin da ke saura duk shekara shi ne kara da ganye da saiwa, kuma a jikinsu ne masu kiwon okid ke karanta dangin tsiron da irin ruwa da hasken da yake buƙata.

Babban dangi, amma ba kauci ba ne

Okid ba tsiro ɗaya ba ne. Masana sun ƙidaya nau'o'i kusan 28,000 a daji, abin da ya sa dangin ke cikin biyu mafi girma a tsirrai masu fure, kuma ana samun su a kowace nahiya in ban da Antaktika. Baya ga waɗannan, masu lambu sun haɗa auren nau'o'i daban-daban suka samar da ƙarin iri fiye da 100,000.

Mafi yawansu a kan bishiyoyi suke zama, ba a ƙasa ba. Bahaushen da ya ga tsiro a kan reshe, abin da zai fara zo masa a rai shi ne kauci, amma akwai bambanci babba. Kauci yana huda jikin bishiya ya sha ruwanta. Okid kuwa wurin zama kawai yake nema: ya riƙe ɓawon bishiya da saiwoyinsa, ya sha ruwan sama da raɓa, ya ci daga ruɓaɓɓun ganyayen da suka maƙale a wurin. Wanda ke zaune a kan reshe ba shi da rijiya. Idan aka yi ruwa ya samu, idan aka ɗauke sai ya jira. Don haka yawancin okid sun samo wa kansu wurin ajiyar ruwa, wani a ganye, wani a kara, wani a ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya gano inda tsiron ke ajiye ruwansa ya yi rabin aikin gane shi.

Dabino ne ko citta?

Tambayar farko da masana ke yi ita ce yadda karan ke girma, kuma hanyoyin biyu ne kacal. Duk wanda ya san dabino da citta ya riga ya san su.

Dabino, wanda gonakinsa suka kewaye Madina, kai ɗaya gare shi. Daga ƙoƙon kan nan sabon ganye ke fitowa, bishiyar tana ƙara tsawo shekara bayan shekara, kuma idan aka lalata zuciyar kan, girman wannan kututture ya ƙare. Citta kuwa rarrafe take yi: jikinta na kwance, tana tura sabon toho a gaba, tohon ya girma ya tsaya, wani ya fito daga gindinsa. Okid ko dai mai kai ɗaya ne irin dabino, ko mai rarrafe irin citta. Ba sai an tona tukunya ba kafin a gane. Idan ganyaye sun fito hagu da dama daga tsakiya guda, ɗaya bisa ɗaya, to mai kai ɗaya ne. Idan kuma an ga karare da yawa a jere, tsofaffi a baya sabbi a gaba, to mai rarrafe ne.

Masu kai ɗaya

Wancan okid na shagunan kyauta kusan kullum Phalaenopsis ne, wanda asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Filifins da Indunusiya, ko da yake yanzu a manyan gidajen gilashi na Holan da Taiwan ake renon miliyoyinsa. Karansa gajere ne ƙwarai, har ba a cika ganinsa ba saboda gindin ganyaye ya rufe shi. Ganyayen faffaɗa ne masu kauri da santsi, kamar harshen sa, kuma ba su cika wuce shida ba. Ba shi da wani kumburi a kara, don haka duk ajiyarsa tana cikin ganye da saiwa. Ba ya jure doguwar ƙishirwa, ba ya kuma jure zama cikin ruwa.

Saiwarsa ce ke faɗin lokacin ban ruwa. Tana da kauri, an lulluɓe ta da wani farin soso da ke tsotse ruwa nan take. Idan ta bushe launinta kamar azurfa ne, idan ta sha ruwa sai ta koma kore. Dalilin da ya sa ake sayar da shi a tukunyar roba mai gani-har-hanji ke nan, cike da ɓawon itace ko gansakuka maimakon ƙasa. Saiwoyin da suka tsallake bakin tukunya suka miƙe cikin iska ba alamar ciwo ba ne, kuma yanke su asara ce. Babban haɗarin shi ne ruwa ya kwana a ƙoƙon kai, inda sabon ganye ke fitowa. Idan wurin ya ruɓe, to zuciyar dabino ce aka taɓa. Wani lokaci tsiron kan fitar da ɗa daga gindi ya ceci kansa, amma ba abin dogaro ba ne.

Vanda ma kai ɗaya gare shi, sai dai shi karansa dogo ne kuma a fili yake. Ganyayensa dogaye ne sirara kamar maɗaurin fata, a naɗe tsakiya kamar kwaroro, sun jeru hagu da dama kamar mafici. Yawanci a rataye ake sayar da shi, saiwoyi na lilo a iska babu tukunya. A Tailan ko Singafo, inda iska ke jiƙe da laima, wannan ba komai ba ne. A ɗaki mai na'urar sanyi a Madina, ko a Kano lokacin hunturu, tsiro ne da ke neman a jiƙa saiwarsa kusan kullum, kuma wanda ba zai iya ba gara ya bar shi a shago. Akwai ƴan uwansa masu ganye zagaye kamar fensir, waɗanda suka fi kowa son rana. Daga cikinsu ne aka samu furen da Singafo ta ɗauka a matsayin furen ƙasa a 1981.

Mutane da yawa sun ci okid ba su sani ba. Banila da ake sa wa kek da askirim daga ƴaƴan wani okid mai kai ɗaya ake samunta, wanda ke hawa bishiya kamar igiya, da ganye ɗaya da saiwa ɗaya a kowace gaɓa. Asalinsa Meziko ne, kuma a yau Madagaska ce ta fi kowace ƙasa noma shi.

Masu tulu

Yawancin masu rarrafe suna da abin da ya fi komai sauƙaƙa ganewa, wato kumburarren kara da ke tsaye a gindin ganye. Ya yi kama da albasa amma ba albasa ba ce, domin idan aka yanka shi ba za a ga ɓawo bisa ɓawo ba, nama ne guda cike da ruwa da abinci. Tulu ne tsiron ya yi wa kansa. Siffar tulun da adadin ganyen da ke kansa su ne ke raba dangi da dangi.

Idan tulun dogo ne mai gaɓoɓi kamar rake, ganyaye na fita daga gaɓoɓin, to galibi Dendrobium ne. A nan ne ake yawan yin asara, domin iri biyu ne ke yawo a kasuwa kuma halinsu ya saɓa. Na farko karansa tsaye ne ƙyam, ganyayensa na taruwa a rabin sama, ba ya zubar da su, kuma zangarniyar fure daga can ƙololuwa take fita. Shi ne wanda Tailan ke fitarwa duniya a matsayin yankakken fure, yana son ɗumi duk shekara. Na biyu, dangin Dendrobium nobile na tsaunukan Himalaya da kewaye, karansa ya fi laushi, ganyaye a duk tsawonsa, kuma yana zubar da su idan sanyi ya shigo. Mai shi sai ya ga sanduna tsirara ya ce ya mutu, alhali daga gaɓoɓin waɗannan sandunan ne furanni za su fito, muddin aka rage masa ruwa aka bar shi ya sha sanyi na wasu makonni. Idan aka ci gaba da ba shi ruwa da taki a lokacin hutun, maimakon fure sai ya fitar da ƴan ƙananan tsirrai a jikin karan. Gwajin mai sauƙi ne: a matsa karan da yatsa. In yana da tauri, da ransa. In ya zama holoƙo kamar busasshen karan dawa, ya tafi.

Cattleya, ɗan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, tulunsa kamar kulki yake, siriri a ƙasa mai kauri a sama, da ganye ɗaya ko biyu kacal a kai, masu tauri kamar kirgi. Oncidium da danginsa tulunsu kamar ƙwai ne da aka ɗan danne, ganyensu ya fi siranta, kuma idan suka sha ƙishirwa lokacin da sabon ganye ke fitowa sai ganyen ya fito a tattare, ba ya kuma miƙewa har abada. Cymbidium kuwa ganyensa dogo ne kamar na ciyawa, ya lulluɓe tulun har ba a ganinsa sosai. Yawancin manyan irinsa sai sun sami daren sanyi kafin su yi fure, abin da ya sa ba su cika yin kirki a ƙasashe masu zafi ba.

Tulu yana kuma ba da labarin lafiyar tsiro. Tsohon tulu ya ɗan yanƙwane ba laifi ba ne, sabon toho ne ke sha daga gare shi, kuma bai kamata a cire shi ba ko da ganyensa ya zube. Amma idan sabo ya yanƙwane, ruwa ba ya isa gare shi. A nan mutane kan yi kuskure, domin dalilin na iya zama rashin ban ruwa, yana kuma iya zama yawan ban ruwan ne ya ruɓar da saiwa har ba ta iya sha. Kafin a ƙara ruwa sai a duba saiwar.

Akwai mai rarrafen da ba shi da tulu ko kaɗan, wato Paphiopedilum, mai fure kamar takalmi. Ganyayensa na fita daga ƙasa kamar mafici, kowane mafici ya yi fure sau ɗaya sannan wani ya tsiro a gefensa. Tun da ba shi da ajiya, ba a barin tukunyarsa ta bushe ƙayau. Masu kiwonsa na da wata ƙa'ida ta kusa-kusa: mai ganye dabbare-dabbare ya fi son ɗumi, mai kore zalla ya fi son sanyi, ko da yake akwai waɗanda suka saɓa mata.

Abin da ganye ke faɗa

Jijiyoyin ganyen okid a miƙe suke tafiya daga gindi zuwa tsini, kamar na masara da dawa, ba sa yin raga irin na ganyen kuka ko mangwaro. Bayan wannan, kauri ne abin lura. Ganye mai kauri da tauri na tsiron da ya saba da fari ne. Da yawa daga irin waɗannan sukan rufe ƙofofin numfashinsu da rana su buɗe da dare, don kada ruwa ya tsere, dabarar da abarba da alobera ma ke yi. Ganye siriri mai layi-layi kamar naɗin mafici kuwa na tsiron da ke son inuwa da laima ne, kuma sau da yawa yakan zube da rani.

Launi ma shaida ne. Kore mai duhu sosai a ganyen Cattleya na nufin haske bai ishe shi ba, kuma da wuya ya yi fure. Baƙin tabo ko fari busasshe a gefen da ke fuskantar taga ƙunar rana ce, kuma ranar Hijaz ta tsakar rana na iya yin wannan ɓarna cikin yini guda.

Na dajin Larabawa da na ƙasar Hausa

Kewayen Madina ba wurin okid ba ne, ruwan saman da ake samu bai taka kara ya karya ba. Ƴan nau'o'in da Saudiyya ke da su a daji galibi suna tsaunukan kudu maso yamma ne, a yankunan Asir da Jazan, inda hazo da ruwan sama suka fi yawa.

Mafi ban mamaki a cikinsu shi ne Eulophia petersii, wanda ke tsirowa tsakanin duwatsu daga kudancin yankin Larabawa, ya bi gabashin Afirka har Afirka ta Kudu. Wanda ya gan shi babu fure zai rantse alobera ce ko moda. Ganyensa mai tauri ne da ƙananan haƙora a gefe, amma a gindinsa akwai tuluna masu ruwan ɗorawa da layuka a jiki, a zaune bisa ƙasa, kuma su ne ke tona asirinsa, domin alobera ba ta da irinsu. Zangarniyar furensa kan kai tsawon mutum.

Ɗan uwansa Eulophia guineensis ya haɗa ɓangarorin biyu, ana samunsa a kudancin yankin Larabawa, ana kuma samunsa a Afirka ta Yamma har da Najeriya. Shi ganyensa faffaɗa ne siriri mai layi-layi, yana zama a inuwa, yana zubar da ganyen da rani ya bar tuluna masu tsini. Dangi ɗaya ne, amma ganyen kowannensu na nuna irin wurin da ya zauna. Wasu Eulophia na dajin sabana sun wuce haka, sun binne ajiyarsu a ƙarƙashin ƙasa kamar rizga, inda gobarar daji ba ta kai wa. Da dama daga cikinsu sukan fitar da fure a farkon damina tun ganye bai fito ba, don haka mai neman gane su sai ya ziyarci wurin sau biyu.

A kan bishiya kuwa, wanda ya fi shahara a Afirka shi ne Ansellia africana, mai fure ɗige-ɗige kamar fatar damisa. An sa masa sunan John Ansell, wani mai aikin lambu da ke cikin tawagar Ingila da ta nufi Kogin Kwara a 1841, wanda ya same shi a tsibirin Fernando Po, Bioko ta yanzu. Ko babu fure ba ya ɓuya. Karansa dogo ne mai gaɓoɓi kamar rake, a cunkushe, sannan a kewayen gindinsa akwai ɗaruruwan fararen saiwoyi sirara da suka miƙe sama maimakon ƙasa, suka zama kamar kwando. Kwandon na tare busassun ganyayen da ke faɗowa, su ruɓe su zama takinsa. Yawan cire shi daga daji domin magani da ado ya sa an sanya shi cikin jerin tsirran da ke fuskantar barazana.

Kofin sahlab

Wanda ya yi hunturu a Hijaz, ko Masar, ko Turkiyya, zai iya tuna sahlab, abin sha mai kauri da ake yi da madara a barbaɗa masa kirfa. Asalin garinsa daga okid ne na ƙasa, irin su Orchis, waɗanda ba su da tulu a sama sai ƙwallaye biyu a ƙarƙashin ƙasa, ɗaya na bara da ke ƙarewa, ɗaya na baɗi da ke cika. Siffar ƙwallayen ce ta ba dangin duka sunansa, domin kalmar a harshen Girka na nufin maraina, kuma tsoffin littattafan magani na Larabci ma da wannan kamanni suka kira shi.

Kilo ɗaya na garin na cin ƙwallaye dubu ko fiye, kuma duk wanda aka haƙa tsiro guda ne ya tafi. Turkiyya ta hana fitar da su waje, kuma yawancin garin sahlab da ke cikin kwalaye a kantuna yanzu sitaci ne da ƙamshi. A Zambiya ma ana yin wani abinci mai suna chikanda da irin waɗannan ƙwallaye, cinikin da ya kai ga haƙar su har daga kudancin Tanzaniya, inda aka kafa gandun Kitulo a 2005 musamman don kare furanninsa. Maye gurbin abin da aka haƙa ba wasa ba ne. Irin okid ƙanana ne kamar ƙura, ba su ɗauke da guzuri, ba kuma sa tsirowa a daji sai sun haɗu da wani nau'in funfuna da zai ciyar da su.

Saboda haka ne dangin okid gaba ɗaya ke cikin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, kuma Saudiyya da Najeriya da Nijar duk sun shiga cikinta. An sassauta wa wasu irin da aka rena a gidajen gilashi, amma na daji sai da takardar izini, Paphiopedilum na daji kuwa an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Jami'in da ke duba kaya a filin jirgi yawanci ba fure yake gani ba, kara da ganye ne a cikin kwali. Ganye mai tabon ƙwari, karyayyun saiwoyi da guntun ɓawon bishiya a manne, da tsirrai masu girma daban-daban, su ne ke nuna daga daji aka ɓamɓaro su, domin na gidan gilashi kusan kansu ɗaya kuma tsaf suke.

Inda kara da ganye suka tsaya

Wannan hanya tana kai mutum ga dangi, ba kasafai take kai shi ga ainihin nau'i ba. Dubban Phalaenopsis da aka haɗa aurensu ganyensu iri ɗaya ne, kuma idan takardar suna ta ɓace ko ƙwararre ba zai iya maido da sunan da tabbaci ba, ko da fure ya fito. Akwai ma okid da ba su da ganye sam, irin su Microcoelia na Afirka, waɗanda tarin saiwoyi ne kawai a kan reshe, saiwoyin ne ke yin aikin ganye.

Fure ma yakan yi yaudarar da ganye ba ya yi. Shuɗin Phalaenopsis mai ɗaukar ido da ake gani a shaguna, wanda sau da yawa ya fi sauran tsada, farin fure ne aka yi wa allurar rini a jikin zangarniya. Idan aka duba ƙasan sandar akan ga ɗan ramin allurar an toshe shi. Ganyen da saiwar na Phalaenopsis ne kamar kowane, kulawarsu ɗaya, kuma idan tsiron ya rayu ya sake yin fure baɗi, fari zai fito.